Ɗumin Jikin Jariri Ba Ya Jiran Gobe

A nan Katako, sau da yawa bayan sallar asuba akan kawo mana jariri a ce, "Malam, a yi masa tofi, kwana uku ke nan jikinsa da ɗan ɗumi." Mukan yi addu'a, sannan mu ce a wuce asibiti yau ɗin nan.

Jaririn da bai kai wata 3 ba, in zafin jikinsa ya kai 38 a ma'auni, ba a kwana da shi a gida. Sanyin Jos kan sa a jibga masa barguna. A rage su, a ci gaba da ba shi nono. Ban da jiƙo, ban da ragowar maganin yayansa. In ya ƙi kama nono, ko tsakar dare ne a tafi.

Allah Ya raya mana su.