Abin Da Ba Ma Rubutawa Bayan Wankan Jego



A littattafanmu mace za ta haihu, a sha suna, a yi wankan jego, a dama kunun kanwa, ranar arba'in ta fito fes. Ni kuwa bayan haihuwata ta uku, atishawa ɗaya ta isa ta karya mini alwala. In na yi tari ko dariya mai ƙarfi, sai ɗigon fitsari ya kuɓuce.

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta yi mini bayani. Akwai tsokoki a ƙasan mara da ke tallafe da mafitsara da mahaifa, goyon ciki da naƙuda kuma kan sassauta su. Ta koya mini motsa jikin da Dakta Arnold Kegel na Amurka ya bayyana a 1948: ki matse kamar mai riƙe fitsari da tusa, ki ƙirga biyar, ki saki. Sau goma a jere, sau uku a rana, amma ba lokacin da kike fitsari ba. Na kai wata uku kafin in ga sauƙi.

Wannan daban ne da yoyon fitsarin da doguwar naƙuda ke jawowa, mai zuba dare da rana. Shi sai tiyata, irin wadda ake yi a Babbar Ruga, Katsina.

Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Mu ba jarumarmu wannan lalurar, mu kuma kai ta asibiti. Wata mai karatu da kunya ta rufe wa baki za ta gane akwai magani.