Jiki ba ya jin gudu, sauyinsa yake ji

Ni ba ɗan fizik ba ne. A lise da ƙyar nake tsira da rabin maki, shi ya sa na gudo sashen nazarin harsuna a Jami'ar Abdou Moumouni. Abin dariya, mutumin da jami'ar ke ɗauke da sunansa masanin fizik ne, ya yi bincike kan makamashin hasken rana. To, fizik ɗin da na guje wa sai ga shi ya tare ni cikin bas.

Hutun bara ne, muna hanyar Yamai zuwa Maraɗi. Mun wuce Dosso, bas na shararawa, wata baba kusa da ni riƙe da kofin ruwa, ko ɗigo bai zuba ba. Sai jaki ya faɗo hanya, direba ya taka birki, ruwan nan kaf ya ƙare a wandona. Ina share jiki ina tunani: muna tsananin gudu ruwa ya zauna lafiya, sai da gudun ya ragu ya zube. Me ke nan?

Nan na tuna kalmomi biyu da malaminmu ya sha rubutawa a allo, "vitesse" da "accélération". A kaina duk biyun gudu ne. Ashe ta farko nisan da ka ci ne cikin lokaci, haɗe da inda ka dosa. Ta biyu kuwa yadda gudun ke sauyawa ne, ko ƙaruwa, ko raguwa, ko karkata. Shi ya sa idan mota ta sha kwana kake jin an tura ka gefe, alhali allurar gudu ba ta motsa ba. Duniyar nan tana zagaya rana da kusan kilomita 30 a sakan guda, amma wa ya taɓa jin jiri don haka? Tun 1687 Newton ya nuna cewa ƙarfi yana tafiya da sauyin motsi. Mangwaron da ya faɗo daga bishiya ma, kowane sakan gudunsa na ƙaruwa da kusan mita 9,8 a sakan.

Abin ya dame ni ne saboda ƙanena, wanda ke kabu-kabu a Maraɗi kuma ya ƙi sa hular kwano. Kullum amsarsa ɗaya: "Yaya, ai ni ba na gudu." Da na isa gida na zaunar da shi, muka yi lissafi a ƙasa da tsinke. Mu ce kana tafiyar kilomita 36 a awa, wato mita 10 a sakan. In ka yi birki ka tsaya cikin sakan 5, kowane sakan mita 2 ke raguwa, jiki ya ɗauka. In kanka ya bugi bango ya tsaya cikin kashi ɗaya bisa goma na sakan, sauyin ya kai 100, ninki goma na jan ƙasa. Aikin sosan da ke cikin hular shi ne tsawaita wannan ɗan lokaci. Na ƙara masa da cewa in ya ninka gudu sau biyu, tazarar birki sau huɗu take ninkuwa. Ya yi shiru, can ya ce hular zafi gare ta. Har yau muna kan wannan gardama.

Amma ya fahimta, kuma da Hausa ya fahimta. Ni da na zauna aji, shekara uku na yi ina haddace faransanci ban gane ba. Muna da gudu, sauri, hanzari, gaggawa, ba wadda ta keɓe ma'anar nan ta biyu. Ni dai "sauyin gudu" nake cewa, kodayake na san bai fito da maganar kwana sosai ba. Ƴan'uwa na sashen kimiyya, in kuna da wadda ta fi ta, don Allah ku kawo a fitowa ta gaba. Ina so in koma wa ƙanena da ita kafin damina.