Hanyar arewa ba ta wucewa ba ce kawai



In aka ce "arewa" a tashar Maraɗi, ko ta Damagaram, ko ta Tawa, abu uku ke zo wa mutum a rai: Libiya, zinariyar Jado, sai Arlit. Kusan kowane gida na da wanda ya bi hanyar nan neman abin kai wa baka. Amma tara mutum goma da suka bi ta, ka tambaye su nawa ne suka taɓa tsayawa don kallo kawai. Mu da muka yi lakkol mun haddace cewa dutse mafi tsawo a Nijar yana cikin tsaunukan Bagzan, mita 2022. Mun rubuta shi a jarrabawar brebe, shi ke nan, muka rufe littafi. Ƙasarmu ce, amma a taswira muka san ta.

Wannan ne ya sa cikin watan Disamba muka haɗa kai mu huɗu, muka samu kat-kat da direban da ya san daji, muka ce bari mu bi hanyar arewa sannu a hankali, duk inda ido ya ce a tsaya mu tsaya. Ga abin da muka gano muku.

Ba mu yi nisa da gida ba muka fara. Daga Maraɗi gudiro ne har Dakwaro, daga nan sai rairayi har gandun dajin Gadabeji. Tun 1955 aka keɓe wannan daji, faɗinsa eka dubu 76 a ma'aunin hekta, kuma a 2017 UNESCO ta sa shi cikin wuraren da duniya ke kulawa da su. Raƙuman dawa sun ɓace daga nan kusan shekara 50, fari da farauta suka kore su. A 2018 aka ɗauko guda 8 daga Kure, kusa da Yamai, aka yi tafiyar fiye da kilomita 800 da su cikin babbar mota aka sako su nan. Su kansu na Kure, a 1996 guda 49 kacal suka rage, kuma irinsu babu shi ko'ina a duniya sai Nijar. Da aka tsaya aka kula da su, suka haura 600.

Jami'in gandun dajin da ya raka mu ya sa aka kashe mota, muka taka da ƙafa. Mun fi awa guda muna bin sawu kafin mu hango wuya ya zarce kan itace. Wallahi jama'a, hoto bai faɗin gaskiyar dabbar nan. Tana tsaye tana cin ganyen ƙaya, ta dube mu, ta ci gaba da abinta, kamar mu ne baƙi, kuma mu ɗin ne. Can gefe barewa biyu suka tashi da gudu. Wani dattijo Bafillace da muka taras bakin rijiya ya ce mana yana yaro kakansa ke ba shi labarin raƙumin dawa, bai zaci zai gan shi da idonsa ba kafin ya mutu. Daga Maraɗi zuwa nan tafiyar wuni guda ce, ba ta kai ba ma. Nawa ne cikinmu suka sani?

Muka juyo kudu, muka bi ta Madawa muka shiga Tawa, muka kwana. Da asuba muka hau hanyar uraniyom, wadda aka shimfiɗa fiye da shekara 40 da suka wuce don kai kaya Arlit da ɗauko ma'adini. Wanda ya bi ta ya san halinta: wani wuri sumul, wani wuri direba ya gwammace ya sauka ya bi gefe. Kamar kilomita 50 daga Tawa sai ga tabkin Tabalak kwance a bakin hanya. Masu kar na tsayawa nan minti goma a sayi soyayyen kifi a wuce. Mu mun yi awa biyu. In ka bar hayaniyar masu talla ka gangara bakin ruwa, za ka ga balbela, zalɓe, agwagin ruwa, da wasu tsuntsaye da ke tsallako hamada daga Turai su yi hunturu nan. Tabkin yana cikin jerin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar ta amince da muhimmancinsu. Masunta kuwa kukansu ɗaya ne: rairayi na cike ruwan kowace damina.

A Abalak muka sayi cuku, muka sha shayi har zagaye uku, don Buzu bai yarda ka tashi a na biyu. Daga nan itace ya fara raguwa, ƙasa ta buɗe, sai garken raƙuma da jajayen shanu masu dogon ƙaho. A wani zango bayan Abalak ne wani saurayi ya matso bakin mota, riƙe da ɗan barewa ɗaure da igiya a wuya, yana tambaya ko za mu saya. Ɗan abin nan bai fi wata biyu ba, jikinsa na rawa. Direbanmu ya ce da shi, "Ƙanena, ina uwar?" Yaron ya kau da kai. Kowa ya san amsar: ba a kama ɗa sai an kori uwa da babur ko an harbe ta. Doka ta hana, tun dokar farauta ta 1998, amma muddin akwai mai kuɗin da ke son barewa a tsakar gidansa a birni, za a ci gaba da kamawa. Ba mu saya ba, don in ka saya da niyyar taimako, gobe za a kamo wani.

Mun bar mararrabar Ingal a hagu, inda ake bikin shan gishirin dabbobi cikin watan Satumba, muka shiga Agadas da la'asar. Tun daga nesa hasumiyar babban masallaci ke tarbar mutum: mita 27 ta laka zalla, an gina ta wajen 1515, aka sake ta a 1844. A 2013 UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya. Mun hau hasumiyar, matakalar na ƙara matsewa har sai ka sunkuya, a sama kuwa ga gari duka a tafin hannunka, ga tsaunukan Abzin can arewa.

Amma abin da ya fi tsaya mana a rai a Agadas shi ne maƙeran azurfa. Wani dattijo ya baje mana kayansa, zobba, ƴan kunne, da shahararren adon wuyan nan na Agadas, ya ce da can jirgi ke sauka kai tsaye daga Faransa lokacin ɗari, ƴan yawon buɗe ido cike da gari, mai jagora na da aiki, mai raƙumi na da aiki, mai dafa abinci na da aiki. Tawayen 2007 ya tsayar da wannan, sace Turawa a Arlit cikin 2010 ya ƙarasa shi. A kudu ma, tun harin da aka kai Kure a watan Agustan 2020 baƙi suka ɗauke ƙafa. Da yawa cikin masu jagora sun koma haƙar zinariya ko jigilar matafiya. Waɗanda suka rage sun tsufa, kuma abin da ke kansu, sunan kowane kwari da kowace rijiya, ba a rubuce yake ba.

Da ɗaya daga cikinsu muka kama hanyar Tafadek washegari. Kamar kilomita 80 ne arewa da Agadas, ana barin gudiro a shiga duwatsu, mota na tafiya kamar jaki mai kaya. Sai ka taras da ɗan ƙauye cikin kwari, ga goriba, ga rumfuna, ga mutane zaune a inuwa. Nan ruwan zafi ke fitowa daga ƙarƙashin ƙasa, ba wuta, ba tukunya, dare da rana, rani da damina. Yana da ɗan wari irin na farar wuta. In ka sa ƙafa karon farko sai ka janye ta babu shiri. Masana sun bayyana yadda abin yake: ruwan sama ne ke bin tsagar dutse ya nutse can ƙasa inda ake da zafi, ya ɗumama, ya kwaso gishirin duwatsu, sannan ya sake bulbulowa sama. Abzin ƙasa ce ta tsoffin duwatsu masu aman wuta, shi ya sa. Ikon Allah ke nan, kuma sanin dalili bai rage masa komi ba.

A Tafadek ba mu ga Bature ko ɗaya ba, amma wurin cike yake. Masu ciwon gaɓoɓi, masu ciwon baya, masu ƙaiƙayin fata, wasu daga Arlit, wasu daga Tawa da Damagaram, har da waɗanda suka tsallako daga Najeriya. Mutum kan zo da garinsa da tabarmarsa ya yi kwana bakwai ko fiye, yana shiga ruwa safe da yamma, maza da lokacinsu, mata da nasu. Wata tsohuwa ƴar Tanut ta ce mana, "Ƴaƴana, da ɗauko ni aka yi, yau ga ni ina zuwa alwala da ƙafata." Mun yi mata barka. Mu dai ba likitoci ba ne: ruwan zafi na sassauta jijiya ya rage raɗaɗi, wannan kowa ya shaida, amma bai maye gurbin zuwa likita ba. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya da mace mai ciki su nemi shawara kafin su shiga, kuma kada kowa ya daɗe ciki har jiri ya ɗebe shi.

Darasin Tafadek a fili yake. Wurin bai mutu ba da baƙin waje suka daina zuwa, don ƴan ƙasa sun san amfaninsa, suna zuwa, masu shago na ciniki, masu rumfa na samun na cefane. Abin da ke ɓata shi ma mu ne: leda da gwangwani zube cikin kwari, a wurin da mutane suka zo neman lafiya.

Zangonmu na ƙarshe Dabus ne, kan hanyar Arlit, ƴan kilomitoci daga gudiro. Dubban matafiya na wucewa ta gefensa kowane wata ba su san da shi ba. Bisa wani faffaɗan dutse, mutanen da suka rayu shekaru dubbai da suka wuce sun sassaƙa raƙuman dawa biyu. Babban ya kai mita 5 da ɗoriya, an fitar da kowane tabo na jikinsa ɗaya bayan ɗaya, kuma da dutse aka yi aikin, don lokacin ba a san ƙarfe ba. Daga bakinsa wani layi ya sauko har zuwa ga ɗan ƙaramin mutum. Kewaye da wurin akwai ɗaruruwan wasu zane: shanu, jimina, barewa, zaki. Wanda ya sauka filin jirgin Agadas ya ga kwafinsa da aka zuba da ƙarfe.

Ka tsaya bisa dutsen nan ka duba gabas da yamma, ba ka ganin komi sai tsakuwa da ƙaya jefi-jefi. Amma wanda ya yi zanen nan ya ga raƙumin dawa da idonsa, a nan, cikin ciyawa da ruwa. Wancan canjin daga Allah ne, hamada ta zo a hankali. Na zamaninmu fa? Jiminar Abzin iyayenmu sun gan ta tana yawo, yau sai a killace a Iferwan da Kelle ake kiwon ƴan da suka rage. Mariri ya ƙare a dajinmu ƙaf. Farar dabbar nan mai murɗaɗɗen ƙaho da ake ce wa adaks, wadda saboda irinta aka keɓe gandun Termit a 2012, ta koma ƴan ƙalilan. Waɗannan ba a shekara dubu suka tafi ba, a rayuwar mutum guda ne, da bindiga da mota.

Mai gadin Dabus, wani Buzu mai fara'a, ya roƙe mu abu biyu: kada a taka zanen, kada a rubuta suna a dutse. Ya nuna mana littafin da baƙi ke sa hannu. Shafukan baya cike da sunayen Turawa, na kwanan nan kuwa sai ka juya ka juya kafin ka ga hannu guda. Muka rubuta namu da Hausa.

Mun dawo ta hanyar Adarbisnat da Tanut zuwa Damagaram, muna tafe muna wannan lissafi. Shekara da shekaru mun bar wa baƙi kallon ƙasarmu, mun ɗauka yawon buɗe ido na mai jar fata ne. To baƙin sun tafi, kuma ba mu san ranar dawowarsu ba. Dabba ko dutsen da ba mai zuwa ganinsa, ba mai cin abinci ta dalilinsa, wa zai tsare shi? Makiyayin Gadabeji zai kare raƙumin dawa in ya ga yana jawo masa mai sayen nono da cuku. Ɗan mai jagora zai koyi aikin ubansa in aikin na ciyar da gida.

Ba mu ce kowa ya tashi gobe ya nufi Abzin ba. Maganar tsaro gaskiya ce: a tambayi hukuma kafin a kama hanya, a bi abin da jami'an tsaro suka ce, kada a yi tafiyar dare, a riƙe takardun ɗan ƙasa, a ɗauki ruwa da mai fiye da yadda ake zato, kada a shiga daji ba da ɗan gari ba. Amma akwai abin da ke hannunmu. Mai zuwa Arlit ya ware awa guda don Dabus. Malaman lakkol na Dakwaro da Barmo su nemi hanyar kai ɗiyanmu Gadabeji ko sau ɗaya a shekara. In an je, a biya mai jagora haƙƙinsa ba tare da ja-in-ja ba, jikka biyu ko uku ba za ta talauta mai mota ba. Kada a sayi ɗan barewa, kada a sayi kan kibiyar dutse da ake tsinta a hamada, a kwashe leda a koma da ita.

Ku kuma da ke Tawa, Damagaram, Agadas, Yamai da sauran wurare, wane wuri ne ke kusa da garinku da ya cancanci a tsaya a gani, ba a san shi ba? Ku faɗa mana sunansa da hanyar zuwa, za mu karanta a shirinmu, in Allah ya yarda mu je da kanmu. Allah ya ba ƙasarmu lafiya, ya kiyaye matafiya, ya bar zumunci.