Rafin Ntawogba: Ƙofar Wa Za Mu Ƙwanƙwasa?



Duk wanda ya yi damina ko da guda ɗaya ce a Diobu ya san rafin Ntawogba, ko bai san sunansa ba. Shi ne wanda ya ratso gari ta gefen GRA da Diobu, ya kwashi ruwan lambatunmu ya kai shi rafin Amadi. Idan aka yi ruwan sama na awa biyu ya cika ya tumbatsa, sai kwatocin Mile 2 su rasa inda za su juye, ruwa ya dawo mana cikin shaguna da ɗakuna, ɗauke da leda da robobi da baƙin mai na gareji. Mu da akasarinmu a ƙasa muke baza kaya, mu ne farkon masu asara: buhun albasa, wake, shinkafa, tabarmin masallaci.

Abin da ya fi ambaliyar ci mana rai shi ne rashin sanin mai rafin. Shara ta RIWAMA ce, hukumar kwashe shara ta Jihar Ribas. Muhalli yana da ma'aikatarsa a jiha, gina magudanai aikin wata ma'aikatar ne, ƙaramar hukumar birnin Fatakwal kuma tana da nata ma'aikatan duba-gari. A tarayya akwai NIWA mai kula da hanyoyin ruwa, mai hedikwata a Lokoja. Akwai NOSDRA da aka kafa a 2006 don malalar mai. Akwai NESREA ta 2007 mai sa ido kan dokokin muhalli. Ga NDDC da hedikwatarta ke nan garin tare da mu. Kowacce da dokarta da kasafinta da motocinta. To amma dambu idan ya yi yawa ba ya jin mai. Ruwan da ya ɗauko shara daga kasuwa, ya haɗa da mai daga gareji, ya bi ta kwalbatin titi ya faɗa rafi, ya taɓa aikin ofisoshi huɗu ko biyar, kuma kowanne yana iya cewa nasa ya ƙare a inda na wani ya fara.

Kada a ce ƙorafin 'yan kasuwa ne kawai. A watan Agustan 2011 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahotonta kan ƙasar Ogoni, nan kusa da mu. A Nisisioken Ogale da ke Eleme ta samu sinadarin benzin mai jawo cutar daji a ruwan rijiyoyin da mutane ke sha, ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900. Ta ce gyaran ƙasar zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Cikin dalilan da ta kawo har da cewa DPR ta ɓangaren man fetur da NOSDRA ta ɓangaren muhalli kowacce fassararta daban ce kan ƙa'idar tsabtace wurin da mai ya ɓata. Sai a watan Yunin 2016 aka ƙaddamar da aikin tsabtacewar a Bodo, kusan shekara biyar bayan rahoton.

Haka muka gani da kunkunniyar da ta rufe garin nan tun ƙarshen 2016. Ka shanya farar riga ka ɗauke ta baƙa, ka duba hancin yaro da safe ka ga baƙi. Jiha na cewa jami'an tsaron da ke ƙona haramtattun matatun mai na tarayya ne, ba ta da iko da su. Jama'a suka yi zanga-zanga a 2018, abin bai tsaya ba. A Janairun 2022 Gwamna Nyesom Wike ya ɗora wa shugabannin ƙananan hukumomi alhakin gano matatun da rusa su, kowa a yankinsa, aka san wanda za a tuhuma. Cikin 'yan watanni muka ga sararin sama ya washe. Ko mene ne ra'ayin mutum game da siyasarsa, wannan ya faru a kan idonmu.

Maganar ta shafe mu ta wata fuskar. 'Yan ga-ruwan da ke tura kura da jarkoki a layukan Diobu yawancinsu yaranmu ne, daga rijiyoyin burtsatse na masu gidaje suke saye su sayar. Idan ambaliya ta haɗa ruwan masai da na rijiya, ciwo ya ɓulla, mai kurar za a fara nunawa da yatsa, ba wanda ya kamata ya auna ruwan ba. Mun san irin wannan tun daga gida: mutanen Kano sun san abin da Jakara ta zama, da abin da ruwan majemu ya yi wa kogin Challawa.

Da yawanmu muna yin shiru ne don gudun kada a ce baƙo ya cika baki. Alhali kuɗin shara da na shago da na tikitin kasuwa ba a tambayarmu jiharmu ta asali kafin a karɓa. Shawararmu ga shugabannin al'umma da limamanmu ita ce kafin ruwa ya sauka a bana a haɗu da masu gidaje da 'yan kasuwar Ikoku da na Mile 1, a rubuta takarda guda, a kai wa ma'aikatar muhalli ta jiha, a ba sauran hukumomin kwafi. Buƙata biyu kacal za a sa a ciki: a faɗa mana ofishin da ke da alhakin yashe Ntawogba da watan da za a yi shi, a kuma riƙa auna ruwan rijiyoyin da yaranmu ke ɗiba, a lika sakamakon a bakin kowace rijiya.