Jos: Birnin Kuza Da Tafkunan Da Haƙa Ta Bari

Duk baƙon da ya doshi Jos, abin da zai fara tarbarsa shi ne sanyi, domin garin yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga teku. Na biyu kuwa tafkuna ne, ga su nan birjik ta wajen Rayfield da Bukuru da Barikin Ladi. Mai kallo sai ya zaci haka Allah ya halicce su, alhali yawancinsu ramukan haƙar kuza ne da ruwa ya cike.

Kuza ce ta gina Jos. A farkon ƙarni na 20 kamfanonin Ingila suka dira a wannan tudu suna haƙarta. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, babban layi kuma ya biyo ta Kafanchan a 1927. Leburori da fatake suka yi ta kwararowa daga ƙasar Hausa da Barno da kudu, suka zauna tare da Berom da Afizere da Anaguta. Da Japan ta kame Malaya a 1942, Turawa suka ɗora wa talakawan Arewa aikin tilas a mahaƙai, inda sanyi da cuta suka hallaka da dama. A 1985 farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya, manyan kamfanoni suka watse, suka bar ramukansu a buɗe.

Wanda ke son fahimtar garin sai ya fara da Gidan Tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952. A nan aka adana sassaƙen yumɓu na Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928. Daga nan sai ya gangara Rayfield, inda aka mayar da wani tsohon rami wurin shaƙatawa.

Sauran tafkunan kuwa amfaninsu haɗe yake da illa. Da ruwansu ake noman rani na dankalin Turawa da kabeji da karas. Amma suna da zurfi ƙwarai, sun ci rayukan mutane da dabbobi, sun kuma cinye gonakin da masu su ba za su sake nomawa ba. Saboda haka baƙo ya sha kallo daga baki, kada sanyin ruwan ya ruɗe shi ya shiga.