Na Kai Tukunyata Kanti Kafin In Sayi Kuka

 Shekara 19 na yi ina girki da kolpot a barandar gidan haya a Aboabo, nan Kumasi. Duk wadda ta yi irin wannan zama ta san wahalar: fifita tun asuba, toka a miya in iska ta taso, ga damina da ke zuwa mana sau biyu a shekara. Da ruwa ya sauko sai ka ga mata na gudu da kolpot zuwa ɗaki, alhali gawayi a rufaffen ɗaki yana kashe mutum ba tare da ya ji wani wari ba. Bara na yi wata uku ina tari. Likita ya tambaye ni da me nake girki, da na faɗa masa sai ya ce magani zai ba ni, amma sauran aikin yana hannuna.

Shi ya sa da kwasar susu ta zo kaina, wato adashinmu na matan unguwa, na ƙudura ba zan sayi atamfa ko ɗaya ba. Sidi 2,500 aka ƙirga mini. Surukata, wadda har yau ba ta yarda da canjin kuɗi na 2007 ba, ta ce miliyan 25 ke nan, ai sai in sayi fili. Na ce mata, "Inna, murhu zan saya." Ta dube ni ta ce murhu dai duwatsu uku ne.

Abin da nake so shi ne murhun gas mai tsayuwa da ƙafarsa, mai kai huɗu da obin a ƙasa, wanda muke ce wa kuka. Ran Asabar na shiga trotro zuwa Adum. Wanda na fara gani ya tafi da hankalina: faɗinsa santimita 60, murfin gilashi, ana danna maɓalli wuta ta kama. Da na ji kuɗinsa sai na yi kamar wayata ce ke ƙara, na fita. Ranar ban sayi komai ba, kuma na gode wa Allah da haka, don da kuɗin ya kai da na saya, da kuma na yi kuskure.

Maigidana ya ce me zai hana in sayi na lantarki, a huta da ɗaukar silinda. Na tuna masa abu biyu. Na farko, mita ɗaya ce muke tarayya da ɗakuna huɗu, kuma kai ɗaya na kukar lantarki yana jan wat 1,500 ko kusa da haka, kamar a kunna fanka 20 a lokaci guda. Faɗan da ake yi kan dutsen guga ma bai ƙare ba, balle wannan. Ga shi tana bukatar wayarta daban mai kauri, ba soket ɗin rediyo ba. Na biyu, dumso. Wanda ya ga 2014 da 2015, lokacin da ake ɗauke wuta yini da kwana, ba zai ɗora tuwon iyalinsa kan alkawarin wuta ba. Maigida ya ce shi dai shawara ya bayar.

Ƙanena kuwa, da ke aikin walda a Suame Magazine, ya ce, "Yaya, ki nemi na hannu da ake kawowa daga Turai, ƙarfensu ya fi na yanzu." Gaskiya ya faɗa a kan ƙarfe. Mun je mun duba wasu, masu nauyi, da kyar mutum biyu ke ɗagawa, kuɗinsu kuma da sauƙi. Sai dai wani mai gyaran kuka, abokin ƙanen nawa, ya ja mu gefe ya yi mana bayanin da ya ceci kuɗina. Ya ce a Ingila da Holan da makamantansu, gas ta bututu take shiga gidaje, kuma ba irin tamu ta silinda ba ce. A ƙarƙashin kowane kai akwai wani ɗan tagulla mai huji, suna ce masa jet, ta nan gas ke fitowa. Na gas ɗin bututu hujinsa ya fi faɗi. In aka haɗa shi da silinda ba a canza ba, wuta takan tashi doguwa, rawaya, ta baƙanta tukunya, gas kuma ya riƙa ƙarewa da wuri. Ana canza su, amma sai an sami waɗanda suka dace da kukar, har da na obin, kuma mai sayarwa ba ya ba da garanti. Nan take na tuna wata maƙwabciyarmu da ta sayi irin wannan, kullum tana dirzar gindin tukunya tana tsine wa masu sayar da gas, ashe ba laifinsu ba ne.

To, Asabar ta biyu sai na yi abin da har yau ake yi mini dariya a kai. Na sa babbar tukunyar tuwona da muciya a buhu na koma Adum. Yarinyar kantin ta ga na fito da su ta rufe baki tana dariya, ta ce, "Mma, nan za ki dafa mana?" Na ce a'a, gwaji zan yi. Waɗanda suka ƙera waɗannan murahu ba su taɓa tuƙa tuwo ba. Girkinsu a ɗora a bari ne, namu kuwa sai an danne tukunya an juya da ƙarfin kafaɗa. Na ɗora tukunyar a kan na farko na kama muciya kamar ina tuƙi, sai kukar gaba ɗaya ta hau rawa, ƙarfen da ke riƙe tukunya kuwa siriri kamar wayar shanya. A na biyu, da tukunyar ta zauna sai ta rufe rabin sauran kawunan. A nan na gane cewa a kuka mai faɗin santimita 50, kai huɗu suna ne kawai. In babbar tukunya ta hau, ɗaya ko biyu suka rage maka. Ban damu ba, tuwo da miya ai tukunya biyu ne.

Ta huɗu da na gwada ita ce mafi muni a ido, fara, murfinta na ƙarfe, da ashana ake kunna ta. Amma ƙarafan samanta masu kauri ne, tana da babban kai ɗaya mai faɗi, ƙafafunta kuma ana murɗa su a daidaita, abin da ya dace da simintin barandarmu mai gangare. Na girgiza ta, ta tsaya. Yarinyar ta daina dariya, har ta kira abokiyar aikinta ta zo ta gani.

Ga inda mata da yawa ke faɗawa rami: kuɗin kuka ba shi ne kuɗin girki da gas ba. Sai ka sayi silinda, babba mai kilo 14.5 ko ƙarama mai kilo 6. Sai regileta, sai tiyo da maɗaurai biyu na bakinsa, sai cikon farko, sai kuɗin aboboya da za ta kai kayan gida. Tun a gida na rubuta waɗannan a takarda na cire kuɗinsu gefe, abin da ya rage shi ne ainihin ƙarfina. Shi ya raba ni da murfin gilashi da maɓallin wuta, kuma ban yi kewarsu ba, don maɓallin ma yawanci da lantarki yake aiki. A regileta da tiyo ne kawai ban nemi arha ba. Abu ɗaya na so ban samu ba: akwai masu wata na'ura da ke tsayar da gas da kanta idan iska ko tafasar miya ta kashe wuta. Kuɗina bai kai ba. Wadda ke da hali, wannan ya fi gilashi amfani nesa ba kusa ba.

Da kaya suka iso gida sai wata sabuwa ta taso. Hajiya mai gidanmu ta tsaya a ƙofa ta ce ba a shigo mata da bam. Ban ga laifinta ba. Ɗanta yana Madina a Accra lokacin da gidan gas na Atomic Junction ya fashe a watan Oktoba na 2017, aka yi asarar rayuka, ta kwana tana neman wayarsa. Na durƙusa na ce, "Hajiya, ki ba ni dama in nuna miki." Ƙanena ya ƙera kejin ƙarfe a baranda, a inuwa, inda iska ke ratsawa, silinda na tsaye a ciki. Na gaya mata gas ya fi iska nauyi, in ya zubo ƙasa yake kwanciya, shi ya sa ba zan taɓa kai shi ɗakin kwana ba. A gabanta muka shafa ruwan sabulu a bakin tiyo da regileta, ba kumfar da ta taso. Ta daɗe shiru, sannan ta ce, "'Yata, kowane dare ki rufe shi daga kan silinda, ni kuma zan riƙa dubawa." Tana dubawa kuwa, har yau.

Wata takwas ke nan. Tari ya tafi, 'yata ta daina tashi fifita kafin makaranta. Mu shida a gida, babbar silinda tana kai mu kusan mako shida. In aka haɗa lissafi ba ta fi gawayi cin kuɗi ba, sai dai halinsu ya bambanta: gawayi kana iya sayen na yini ɗaya, gas kuwa a dunƙule yake neman kuɗinsa, kuma ba ya sallama in zai ƙare. Sau ɗaya ya mutu mini ranar Juma'a da talge a wuta. Tun daga nan na ajiye gwangwani ina jefa masa wani abu kullum.

Kolpot kuwa ban yar ba. Waken waakye da ke daɗewa a wuta a kansa nake dafawa, haka tuwon Sallah, don tukunyar taro ba ta hawa kuka. Obin ɗin sau biyu aka kunna shi, duka 'yata ce da kek ɗinta, na farko ya ƙone ta ƙasa. Sauran ranaku tukwane nake ajiyewa a ciki, kuma Inna ta ce a duk kayan nan wannan akwatin ne kaɗai ya burge ta, don ɓera ba ya shiga.