Ranar Da Na Saci Hawan Babur Mai Salansa Huɗu

A cikin shekarar 1975, watau shekarar da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji, ina yaron makaniki a wani garejin gyaran babura a Kaduna. A wannan shekara malamin ofis da ya karɓi ariyas sai ya zarce kantin babura, saboda haka aiki ya yi mana yawa, amma duk ƙananan babura ne masu silinda ɗaya ko biyu. Ran nan da hantsi sai ga wani ɗan kwangila ya shigo bisa wani babur wanda ban taɓa ganin irinsa ba. Tun bai kashe inji ba muka zubar da sifanu muka kewaye shi. Salansa huɗu gare shi, biyu dama biyu hagu, sai walƙiya suke yi. Maigidana ya kewaya shi sau biyu, sa'an nan ya ce, "Yara, ku buɗe ido, wannan shi ne Honda CB750."

Bari in ɗan bayyana muku ko wane irin babur ne, don ku gane abin da ya ruɗe ni. An fara nuna shi a bikin nunin motoci na Tokiyo, babban birnin Japan, a watan Oktoba na 1968, aka shiga sayar da shi a 1969, a Amurka kan dala 1,495. Injinsa silinda huɗu ne a jere a gicciye, girmansu duka cc 736, kowace silinda da nata kafireta da nata salansa. Ƙarfinsa na doki 67 ne idan inji yana juyi 8,000 a minti ɗaya, giyarsa biyar, gudunsa kuwa yakan kai wajen kilomita 200 a awa. Nauyinsa ba mai ba fetur kilo 218. Ga kik, ga kuma sitata, da danna maɓalli sai ya tashi.

A wancan zamani manyan baburan Ingila, irin su Triumph da BSA, su ne sarakunan hanya, amma mafi ƙarfinsu a lokacin silinda uku gare shi da giya huɗu, kuma sai an yi masa kik. Da CB750 ya fito, sa'an nan Dick Mann ya ci tseren Daytona na mil 200 a 1970 bisa samfurinsa na tsere, sai kasuwa ta juya. Kamfanin Kawasaki ma sai a 1972 ya mayar da martani da Z1 mai cc 903 da ƙarfin doki 82.

Abin da ya kawo mai babur wurinmu shi ne inji ba ya zama daidai. Maigida ya kwana biyu yana daidaita kafiretocin nan huɗu, yana sa tafin hannu a bakin kowace salansa yana jin bugun iska, har suka zama murya ɗaya. Ya gaya mini cewa a kowane rabin juyi akwai silinda ɗaya da ke bugawa, shi ya sa ba ya jijjiga kamar namu. Sa'an nan ya nuna mini wani faifan ƙarfe a jikin tayar gaba, ya ce, "Kai yaro, kowa salansa yake kallo, amma kuɗin babur ɗin nan ga inda yake. Birkin faifai ne mai aiki da mai. In ka ja birki nauyi gaba yake komawa, don haka na gaba shi ke tsayar da kai." Na ce to, amma tsakani da Allah hankalina yana kan maleji.

Kashegari maigida ya tafi neman kayan gyara ya bar makulli a aljihun tebur. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Na ɗauka na hau, ba hular kwano, silifa ne a ƙafata, na miƙi hanyar Zariya. Da na wuce Kawo na ga hanya fayau sai na murɗa totur. Giya ta uku kaɗai ta wuce iyakar duk babur da na taɓa hawa. Na sa ta huɗu, na sa ta biyar, iska ta cika mini riga, hawaye na gudu zuwa kunnuwana, allura ta haura kilomita 150.

Ina gangarowa daga wani ɗan tudu sai ga garken shanu ya cika kwalta, a gabansu kuma wani yaro makiyayi, wanda bai fi shekara goma ba, rataye da sanda a kafaɗa. Na taka birkin baya da ƙarfi kamar yadda na saba a ƙananan babura. Taya ta ƙame, gindin babur ya fara wutsil-wutsil, gudu kuwa bai ragu ba. A nan ne maganar maigida ta faɗo mini. Na saki ƙafa, na matsa birkin gaba a hankali, na ƙara matsawa, gaban babur ya duƙa, na ji kamar an riƙe ni ta baya. Na tsaya tsakanina da yaron bai fi taku biyar ba. Ƙafafuna suka kasa ɗaukar nauyin, babur ya kwanta a dama, salansa ɗaya ta lotse. Yaron ya dube ni ya ce, "Sannu," ya kora shanunsa. Mahaifinsa ne ya taya ni ɗagawa.

Na koma gareji jikina na ɓari, na tarar da maigida a zaune. Bai zage ni ba, bai ɗaga hannu ba. Ya duba salansa, ya taɓa faifan nan da bayan yatsa ya ji zafi, ya ce, "Wa ka kusa kashewa?" Na faɗa masa gaskiya. Shi ya je ya gaya wa mai babur, shi ya biya kuɗin salansa daga aljihunsa, ni kuma na yi wata shida ban hau kome ba sai keke. Abin da ya ce da ni kurum shi ne, "Doki sittin da bakwai ka hau, ba ka tambayi inda linzami yake ba."

Daga baya na zauna na yi lissafi. Mai gudun kilomita 150 a awa yana cin kusan mita 42 a kowace daƙiƙa, kafin ma hannunsa ya kai ga birki. Idan kuma aka ninka gudu sau biyu, tazarar tsayawa ninkuwa take yi sau huɗu. Wannan lissafi ba ya cikin abin da samari ke tambaya a bakin kanti.

Yanzu akwai baburan da ƙarfinsu ya kai na doki 200, CB750 na farko kuwa ya zama kayan tarihi da masu sha'awa ke saye da tsada. Jikokina sukan nuna mini hotunan irin waɗannan a waya su ce, "Kaka, nawa yake gudu?" Nakan faɗa musu abin da na sani, sa'an nan in tambaye su a mita nawa yake tsayawa. Yaron nan makiyayi, in Allah Ya raya shi, yau shi ma dattijo ne mai jikoki. Ban san sunansa ba, amma ban taɓa mantawa da shi a addu'a ba, shi da maigidana, Allah Ya jiƙansa.